Kwarkwaron da Ya Yi Shiru

Shekara talatin da ɗaya ke nan mutane na turo mini hotunan kwarkwaron saƙar leshi, 'yan sandunan nan da ake naɗa wa zare, suna tambaya ko na gaske ne, kuma nawa zai yi. Da can a ambulan suke turowa, yanzu ta intanet, amma har gobe ba su koyi ɗaukar hoto ba. Mutum zai baje kayan kakarsa a teburin kicin kusa da kwalbar madara, ya ɗauka daga nesa kamar mai tsoron cizo, sannan ya rubuto: "Misis Odell, an ce ke ce kika sani." Na sani ɗin. A duk yankin Bedford babu wadda ta fi ni sani, kuma ba yabon kai ba ne, waɗanda suka fi ni duk sun mutu.

Rabin abin da ake zubawa a shafukan gwanjo ƙarya ne. A samu ƙashi sabo a jiƙa shi cikin shayi mako guda, a huda masa suna da shekara, a ɗaura masa duwatsun gilashi a gindi, shi ke nan wai ya shekara ɗari da hamsin. Ni wuyan kwarkwaro nake fara dubawa. Wanda ya yi aiki, zare ya ci masa wuya ya bar layi, kuma tsakiyarsa ta yi sulɓi inda yatsu ke kamawa. Sai ramukan rubutun: na da suna cike da dauɗar hannun mata uku ko huɗu, na jiya kuwa tas suke. Sai duwatsun, waɗanda in na asali ne za ka ga shatar zarto a jikinsu, don da zafinsu aka matse su. Abin da ba ya wuce minti biyu a wurina, wasu sun yi asarar kuɗin fanshonsu a kai.

A watan Afrilu wani mai gyaran famfo, Desmond Pateman, ya turo mini hotuna tara. Mahaifiyarsa Joan ta rasu a Fabrairu, kuma dole ya kwashe gidan da ke ƙauyen Pedley End kafin ƙarshen wata. Hoton farko filon saƙa ne, wato matashin da ake kafa leshi a kai, irin manyan nan masu cikin karan alkama, an rufe shi da shuɗin ƙyalle da ya koɗe. Kwarkwaro arba'in da takwas na rataye a jikinsa biyu-biyu, duk na ƙashi, kowanne da zarensa, ga allurai a soke, ga leshi an saƙa kamar kamu ɗaya aka tsaya. Ban tsaya rubutu ba, na buga masa waya.

"Kai ne Desmond? Hilary Odell ce. Waye ya ɗauki hotunan nan, kai ko karenka?"

Ya yi dariya. "Ni ne, Misis Odell. Tarkace ne ko? In zuba a bola?"

"Ka zuba a bola in zo har gida in ja maka kunne. Na gaske ne, duk cikarsu."

"Kai! To nawa abin zai yi gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya? Kada ka soma. Filon babu mai so, ƙwari ne a ciki. Ka samu almakashi ka yanke zaren, ka sayar da su ɗaya-ɗaya. A haɗe dillali ɗaya ne zai kwashe a banza. A rarrabe za ka ninka sau huɗu."

"In yanke? Ba komai?"

"Zare ne fa, ba jijiya ba."

Haka na ce masa. Ni da na san cewa biyu-biyu ake naɗa su da zare ɗaya, kuma masaƙiya ba ta raba abokan aiki, ni ce na faɗa masa haka. Ban kuma tambaye shi filon na waye ba. Na ji an ce an yi rasuwa, sai na ɗauka na mamaciyar ne.

Abin da ya hana ni tambaya yana cikin hoto na bakwai. Wani kwarkwaro ne irin wanda muke kira uwa da ɗa: an rarake cikinsa an yi masa tagogi huɗu, a ciki kuma akwai wani ɗan mitsitsin kwarkwaro da bai kai ƙwayar shinkafa uku ba, yana yawo. A ƙarƙashin kansa na hango ɗigo uku ja. Wannan alamar Jabez Tibbutt ce, wani masassaƙi da ya zauna a can gefen kogi a zamanin kakannin kakanninmu. Aikinsa irin wannan sau biyu na taɓa gani, duka a bayan gilashi a gidan tarihi. Tun ina da baƙin gashi nake nema.

Na bi hotunan da shi ɗaya bayan ɗaya, na ba shi farashin kowanne da gaskiya. Da muka zo kan wannan sai na ce, "Mai tagogin nan kuwa, ka sa fam arba'in, in an taya ka saki." Ya fi haka sau goma, kuma muryata ko rawa ba ta yi ba. Washegari yana sa shi a shafin gwanjo na saye, da tsohon sunan da marigayi mijina ke sayen kayan kamun kifi da shi, na ce a ajiye mini a shagon gidan mai.

Ranar da na karɓo shi ban ko cire kwat ba na kai shi kunne na girgiza. Ƙis-ƙis, ƙis-ƙis, ɗan yana bugun cikin uwar. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba, har na yi magana ni kaɗai a kicin. Sannan na sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sai raina ya ɗan ɓaci. Wani ya naɗa wa ɗan na ciki wani siririn abu mai ruwan ɗorawa, kamar tsohon zare da ya sha maiƙo. Mutane ba sa barin kaya yadda maƙerinsu ya bar su. Na ɗauko matsefata na kama bakinsa ta taga, na ja a hankali har ya warware. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Na karkaɗe shi cikin kwandon shara kan ganyen shayin safe, na goge kwarkwaron da ɗan mai, ya fito fes.

Na sake girgizawa, ban ji komai ba. Na duba ta tagar, ɗan yana nan yana kai da kawo, yana taɓa bango da idona, amma babu sauti ko kaɗan. A hankalce ma tunda na cire abin da ya naɗe shi, ƙarar ƙaruwa ya kamata ta yi. Na ce wa kaina man ne, zai bushe. Na sa shi a akwatin gilashi a falo, a tsakiya, na matsar da sauran gefe.

Mako uku bayan nan, da hantsi, Desmond ya bugo. Muryarsa ba ta ranar farko ba ce.

"Misis Odell, suna dawowa."

"Su wa?"

"Kayan. Kullum sai mai kawo wasiƙa ya aje mini biyu ko uku. Daga Aberdeen, daga Ghent, har daga Ohio."

"Wai na jabu ne? Ka ba ni sunansu, ni zan amsa musu."

"Babu wanda ya ce na jabu ne. Babu ma wanda ya nemi kuɗinsa. Bari in karanta miki ta Ohio." Na ji yana buɗe takarda. "Ta ce, yana da kyau ƙwarai, amma ba zan iya ajiye shi ba. Kullum ƙarfe tara na safe sai ya fara kaɗawa a cikin durowa, kamar ana aiki da shi, har sha ɗaya. Mijina ya ce manyan motoci ne ke wucewa, to a gona muke zaune."

"Tsofaffin mata da zaman kaɗaici," na ce. "Ni ma wata rana nakan ji firji na kiran sunana."

"Na Ghent namiji ne. Shi ƙarfe uku ya ce, zuwa biyar. Ta Aberdeen ta ce biyu zuwa huɗu. Na zauna na lissafa bambancin agogon ƙasashen, Misis Odell, duk lokaci ɗaya ne. Biyu zuwa huɗu namu na nan. Lokacin da Anti Olive ke zama saƙa ke nan, tun ina yaro, ko ranar Kirsimeti."

"Wace ce Anti Olive?"

Sai a lokacin na ji. Olive yayar mahaifiyarsa ce, shekararta casa'in da huɗu, tare suke zaune a gidan. Bayan rasuwar Joan ta faɗi a bakin ƙofa ta karya ƙugu, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Filon nata ne. Joan ko allura ɗaya ba ta taɓa sokawa a jikinsa ba.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?" na daka masa tsawa, don na rasa wanda zan yi wa.

"Ba ki tambaya ba! Ni na ɗauka ta gama da shi, ido ya tafi, hannu na rawa. Da ta warware ta ce in kawo mata filonta, sai na faɗa mata gaskiya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Kife farantin abincinta kawai ta yi. Yau kwana goma sha ɗaya ruwa kaɗai take sha. A kwanakin farko, ƙarfe biyu na yi sai ta ɗora hannu kan bargo ta fara saƙa, babu komai a gabanta, tana kiran sunaye."

Ya ce filon ashe yana bayan motarsa bai kai bola ba, ya kai mata, kuma duk wanda ya dawo yana miƙa mata. Arba'in da bakwai sun dawo. Ta ce ba za ta sa komai a baki ba sai sun cika.

"Saura mai tagogin nan. Na rubuta wa mutumin sau biyar, shiru. Ke kin san masu tara irin kayan nan. Don Allah ki tambaya mini."

Ina tsaye a falo, akwatin gilashin na gabana. Na ce masa zan tambaya.

Kwana huɗu na yi ban tambayi kowa ba, don babu wanda zan tambaya. Na kawo wa kaina hujjoji iri-iri. Na ce ai saye na yi, ba sata ba. Na ce mai shekara casa'in da huɗu ko da kwarkwaro ko babu tafiyar ta zo. Na ce in ya koma hannun Desmond, nan da wata shida yana hannun wani dillali. Duk ƙarya ce, son abin kawai nake yi, da kunyar a san yadda na same shi. Kullum ƙarfe biyu sai in kashe rediyo in ja kujera kusa da akwatin in kasa kunne. Na kowa ya kaɗa, har na can Ohio, nawa ko ƙis. Da farko har haushi na ji, kamar an ware ni. A rana ta uku haushin ya koma wani abu dabam, na fara jin ba na son juya wa akwatin baya.

A rana ta biyar Desmond ya sake bugowa. Likita ya ce ba mako ake magana ba yanzu, kwanaki ne.

"Ko kina da wani mai kama da shi?" ya ce. "Ba ta gani fa. A ba ta, ta ci abinci, ni zan biya."

Ina da wani uwa da ɗa, na gaske ne shi ma, girmansu ɗaya, sai dai ba na Tibbutt ba. Na naɗe shi a hankici. Na kai bakin ƙofa na dawo, na buɗe akwatin na ɗauki na tsakiyan, na jefa a aljihun kwat. Na ce wa kaina don kwatantawa ne.

Gidan tsofaffin yana warin dafaffen kabeji da sabulun goge ƙasa. Desmond ya tare ni a ƙofa, ƙato ne mai jan fuska, bai san inda zai sa hannayensa ba. Ɗakin Olive yana ƙarshen baranda, rana ta cika shi tar. An jingine ta da matasan kai, ƙarama ce ƙwarai, fatar hannunta kamar takardar naɗe burodi, idanunta sun yi fari. Filon saƙar yana kan teburin gado a gabanta. Abin da na fara dubawa ke nan, halina ne. Ta ƙulla kowane zare inda aka yanke shi, ƙulli arba'in da bakwai, ƙanana har sai na sunkuya na gan su. Makauniya mai rawar hannu, kwana goma sha shida ba abinci. Ni da idona biyu da fitila ba zan yi rabinsu ba. A gefen hagu kwarkwaro ɗaya na reto shi kaɗai, bakin zaren abokinsa na lilo kusa da shi.

"Anti, ga Misis Odell, wadda na ce miki ta san kayan nan. Ta samo miki shi."

"Mai cewa a yanke," in ji Olive. Muryarta a bushe take amma babu gargada. "Matso, 'yar nan. Des, kai kuma daina tsaya mini a kan rana, kamar kabad."

Na miƙa mata na hankicin. Ko kunne ba ta kai shi ba. Ta murza shi sau ɗaya tsakanin yatsu biyu ta miƙo mini.

"Wannan na wasu ne. Mai shi bahaguwa ce, ji inda ya cinye. Mayar musu da abinsu, suna nema."

Na karɓa na duba. Shekara goma sha biyu yana hannuna, ban taɓa lura ba. Sulɓin a gefen hagu yake.

Agogon bango ya nuna biyu. Olive ta ɗora hannayenta kan filon ta fara. Na ga masaƙa da yawa a rayuwata, ban ga mai irin wannan saurin ba. Duwatsun gindin suna ta kaɗawa, tana ɗaga wannan ta haye wancan, tana murɗawa, tana soka allura, kuma duk biyun da ta taɓa sai ta kira su.

"Keziah, Tom Babba. Harriet, Tom Ƙarami. Baba, Mama. Joan, matsa mana, kullum ke ce a baya. Edie, Walter."

Desmond ya raɗa mini cewa duk matattu ne, danginsu ne, wasu ko hotonsu babu. Haka ta bi su har ta iso gefen hagu. Ta kama wanda ke reto shi kaɗai ta ce, "Cyril." Ɗaya hannun ya kai inda abokinsa zai kasance, ya damƙi iska. Ta tsaya cak. Saƙar ba ta wucewa da ɗaya, kowace masaƙiya ta san wannan. Ta mayar da hannayenta farko ta sake somawa daga Keziah, ta sake isowa, ta sake tsayawa. Sau uku ina kallo.

"Cyril mijinta ne," in ji Desmond. "Kullum a nan take tsayawa."

Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Na ajiye shi a tafinta. Desmond ya kalli kwarkwaron, ya kalle ni, fuskarsa ta ƙara ja, ya buɗe baki.

"Rufe bakinka, Des," in ji Olive, ba tare da ta juya ba. "Ai ta kawo."

Ta shafa shi tun daga kai har gindi, fuskarta ta saki, har na ga yadda take a da. Ta kai shi kunne ta girgiza. Ta sake girgizawa. Ta sauya kunne. Sannan ta sa farcen ɗan ƙaramin yatsanta ta taga ta taɓa ɗan na ciki, ta daɗe tana juya shi.

"Kin yi masa wanka," ta ce.

"Wani tsohon zare ne a ciki. Na ɗauka dauɗa ce."

"Yana ina?"

"Na zubar. An kwashe sharar tuni."

Na so ta yi kuka ko ta jefe ni da shi. Ba ta yi ko ɗaya ba, ta riƙe shi a ƙirji da hannu biyu.

"A gidanmu in mutum ya mutu, gashinsa ɗaya ake ɗauka a naɗa a wuyan kwarkwaro, ƙarƙashin zare. Haka kakata ta yi, haka tata kakar. Ba sa kwanciya su yi sanyi, kullum suna fita aiki tare. Ɗana Neville kwana tara ya yi a duniya. Gashin nasa bai kai ya zagaye wuyan babba ba, shi ya sa na sa shi a ciki. Ƙwaya ɗaya na samu, ungozoma ta hana ni ƙari. Babu hoto, babu kabarin da na sani, a lokacin ba a nuna wa uwa. Shekara saba'in kullum ƙarfe biyu ina jin sa yana motsi kusa da ubansa."

Ni ba mai saurin kuka ba ce, ko a jana'izar mijina ban yi ba. A ɗakin nan na yi, a tsaye, da jakata a hannu. Na ce ta yafe mini. Na faɗi komai, har fam arba'in ɗin, har sunan kamun kifin, Desmond na ji. Na ce duk abin da take so zan yi.

"Ya riga ya tafi," ta ce. "Kuka ba ya dawo da shi, na gwada tun kafin a haife ki." Ta juya kwarkwaron a tafinta. "Amma Cyril ba zai yi aiki shi kaɗai ba. In ya tsaya, duk sun tsaya. Kin ce duk abin da nake so?"

"E."

"Ya sunanki na yanka?"

"Hilary."

"Sunkuyo, Hilary."

Na sunkuya, na ɗauka wata magana za ta raɗa mini. Yatsunta suka shiga gashina, sanyi ƙalau, suna lalube kamar mai zaɓen zare a kwando. Sai na ji ta tsige gashi ɗaya a tsakiyar kaina.

"Anti!" in ji Desmond. "Haba, Anti, ai na matattu ne kika ce!"

"Na ce ka rufe bakinka. Je ka ce su kawo mini gasasshen burodi da man shanu. Da shayi, sukari biyu, kada su kawo mini ruwan wanke kofin nan nasu."

Ya tsaya yana kallonta, sannan ya fita da gudu, ina jin sa a baranda yana kiran ma'aikaciya da murna. Ni kuwa ina tsaye ina kallon farin gashina a hannunta. Ta lashi bakinsa, ta zura ta taga, ta kamo ta ɗayar, ta dinga juya ɗan da farce har gashin ya naɗe tsaf. Ina iya fizgewa, ƙarfinta bai kai na kaza ba. Ban fizge ba, ni na ce duk abin da take so.

Ta kai shi kunne ta girgiza. Daga inda nake tsaye na ji shi, ƙis-ƙis, ƙis-ƙis, ya fi na ranar farko ƙarfi.

Aka kawo burodin. Ta cinye yanka biyu, ta shanye shayin, ma'aikaciyar na tafa hannu tana cewa ai Olive ta dawo. Desmond ya damƙi hannuna ya girgiza, ya ce ya yafe kuɗin, ya yafe komai. Olive ta goge yatsunta a bargo, ta naɗa wa kwarkwaron zare, ta ƙulla shi a bakin wanda ke lilo. Ta koma farko.

"Keziah, Tom Babba. Harriet, Tom Ƙarami. Baba, Mama."

Na ɗauki jakata na nufi ƙofa, don ba na son in ji. Ban yi sauri yadda ya kamata ba.

"Edie, Walter. Cyril," ta ce, a hankali, kamar mai gabatar da baƙuwa. "Hilary."

Ina tsakiyar baranda na ji an ɗaga ni. Ƙafafuna suna ƙasa, ina ganinsu a kan kafet, amma an ɗaga ni an haye da ni ta kan wani, an ajiye ni a hagu, kamar yadda ake yi wa kwarkwaro. Kafaɗata ta gogi kafaɗar wani namiji mai warin taba da danshin ƙasa, kuma babu kowa a barandar. Na dafa bango. Ma'aikaciyar ta fito da farantin a hannu ta tambaye ni ko lafiya, ko in zauna ta kawo mini ruwa.

Na tambaye ta ƙarfe nawa. Ta ce uku saura kwata.

"To bari in zauna," na ce. "Sai huɗu Olive za ta tashi daga saƙa."